Zan iya ɗaure gidana yadda 'ya'yana ba za su taɓa sayar da shi ba?

Tambaya: Ni dattijo ne, shekaruna 71, ina zaune a cikin birnin Kano. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara, maza biyar mata huɗu. Abin da Allah ya hore mini shi ne gidan da muke ciki, wanda a cikinsa aka yanke mini cibiya, sai wani bene mai shaguna shida a bakin titi. Gidaje uku na gani a layinmu an sayar tun ba a yi sadakar arba'in ba. Ɗana da ya yi boko ya ce Turawa suna da hanya, a damƙa dukiya a hannun amintattu da sharaɗin kada a sayar har abada. Shin doka za ta tsaya mini a kan wannan?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dattawa da dama sun kawo mini irin wannan maganar a ofis, kuma ban taɓa ɗaukarta rowa ko son mulki ba. Wanda ya ga dillalai suna auna zauren maƙwabcinsa alhali tabarmin zaman makoki ba a naɗe su ba, dole hankalinsa ya tashi. Sai dai zan faɗa maka gaskiya tun daga farko. A cikin buƙatarka, kalmar "har abada" ce doka take tuntuɓe da ita. Dokar da muka gada daga Ingila ba ta yarda da ita ga dukiyar iyali. Shari'ar Musulunci ta yarda, amma ta ƙofa ɗaya tak, wato wakafi, kuma ƙofar tana da sharaɗi mai nauyi wanda yawancin masu tambaya ba sa tsammani.

Bari in fara da abin da ɗanka ya ambata. Riƙon amana irin na dokar Ingila shi ne ka mayar da dukiya sunan wasu amintattu, su riƙe su juya, amfanin kuma ya tafi ga waɗanda ka zayyana. Sunan da ke kan takarda daban, masu cin moriya daban. Tsarin yana aiki a Nijeriya, domin kotunanmu sun karɓi hukunce-hukuncen alƙalan Ingila tare da dokokinsu na gama-gari da ke aiki ran 1 ga Janairu 1900. Amma da tsarin ya zo, da takunkuminsa ya zo.

Alƙalan can sun daɗe da tsayawa a kan cewa ikon sayarwa ɓangare ne na mallaka. Ba za ka ce "na ba ka, naka ne" sannan ka ce "amma kada ka sayar" ba. Idan ka yi haka, kyautar ta tabbata, sharaɗin kuma kotu ta share shi kamar ba a rubuta ba. Akwai shari'ar Rosher ta 1884, inda wani ya bar wa ɗansa gida da sharaɗin in zai sayar, sai ya fara tallata wa uwargidan mamacin a kan fam 3,000, alhali gidan ya kai fam 15,000. Kotu ta ce wannan hana sayarwa ne aka sa masa wata riga, ta rushe sharaɗin. Wadda ta fi kama da taka ita ce shari'ar Brown ta 1954. Uba ya bar wa 'ya'yansa maza huɗu gidaje, ya ce kowa in zai sayar da rabonsa, sai dai ga 'yan'uwansa. Alƙali ya duba ya ga masu saye mutum uku ne, kuma kullum raguwa za su yi da mutuwa, ya ce sharaɗin bai inganta ba. Gaskiya ne a 1875 an taɓa amincewa da sharaɗin "kada a sayar wa wanda ba dangi ba" a shari'ar Macleay, amma alƙalan baya sun yi ta sukar wannan hukuncin, kuma ba zan ba ka shawarar jingina gidanka a kansa ba.

Lauya mai wayo zai ce to kada a mallaka wa kowa. A ce 'ya'ya su ci moriya tsawon rayuwarsu, bayansu jikoki, bayan jikoki tattaɓa-kunne, haka har illa masha Allahu. A nan ne ƙa'idar hana dawwama take tare hanya. Asalinta shari'ar wani basarake ce, Duke na Norfolk, a 1682, kuma abin da ta daidaita a kai shi ne: duk wani rabo dole ya tabbata ga mai shi kafin shekara 21 ta cika bayan mutuwar wani mutum da ke raye ran da takardar ta fara aiki. A aikace, za ka iya tsara wa 'ya'yanka da jikokin da ka gani da idonka, ka ɗan taɓa waɗanda za a haifa nan kusa. Daga nan akalar ta kuɓuce maka. Ingila ta sauƙaƙa lissafin daga baya, ta ba da damar zaɓen shekara 80 a dokar 1964, sannan ta mayar da shi 125 a dokar 2009. Ta tsawaita igiyar, ba ta cire ta ba. Amanar da aka yi don sadaka ga jama'a, kamar makaranta ko asibiti, ita ce kaɗai aka bari ta dawwama.

Dalilinsu ba raina mamaci ba ne. Sun ga abin da ɗaurin ke haifarwa. Wani attajirin Landan, Peter Thellusson, ya mutu a 1797 ya bar kimanin fam 600,000, ya ce a yi ta tara ribar kada a taɓa, har sai duk 'ya'yansa da jikokinsa maza da ke raye ran mutuwarsa sun ƙare. Kotu ta ga bai karya ƙa'ida ba, amma abin ya tayar wa majalisa hankali har ta yi doka a 1800 don kada wani ya sake. Da lokacin rabo ya yi, bayan shekara kusan sittin, kuɗin shari'a da na masu kula sun lashe yawancin ribar da ya yi mafarkin tarawa. A Amurka ma an yi wani mai sana'ar katako a jihar Michigan, Wellington Burt, da ya mutu a 1919 ya ɗaure dukiyarsa iyakar abin da doka ta yarda. Sai a 2011 aka raba, ga mutum goma sha biyu daga zuriyarsa. 'Ya'yan da ya haifa da jikokin da ya gani, ɗan alawus kawai suka samu har suka koma ga Mahaliccinsu.

Akwai kuma wata ƙa'ida da nake ganin ɗanka bai ji labarinta ba, ita ce ta shari'ar Saunders da Vautier, 1841. An bar wa wani saurayi hannun jari da umarnin kada a ba shi sai ya kai shekara 25. Yana cika 21 ya je kotu ya ce a ba shi kayansa, tunda babu mai haƙƙi a ciki sai shi. Aka ba shi. Daga nan ta zama doka: idan duk masu cin moriya baligai ne, masu hankali, kuma babu wani mai rabo bayansu, suna iya haɗa baki su warware amanar ko da mai kafawa ya rubuta akasin haka da jan alƙalami. Wato in ka rubuta cewa gidan na 'ya'yanka tara ne, amintattu su riƙe musu kada su sayar, ranar da su taran suka sa hannu a takarda ɗaya, magana ta ƙare. Amurkawa sun bi wata hanya, kotunansu sukan fifita nufin mai kafawa, kuma wasu jihohinsu kamar Dakota ta Kudu sun soke ƙa'idar hana dawwama. Mai yiwuwa labarinsu ɗanka ya karanta. Amma gidanka a Kano yake, kuma dokar inda ƙasa take ita ke hukunci a kanta.

A Nijeriya kuwa akwai wani abin a saman duk wannan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kake da shi a idon doka haƙƙin zama ne, wanda takardar shaidarsa yawanci shekara 99 take ɗauka. Mayar da gidan sunan amintattu sai da sahalewar gwamna a ƙarƙashin sashe na 22, in babu ita sashe na 26 ya ce cinikin banza ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, 1989, cewa wannan ya shafi har waɗanda suka mallaki wurarensu tun kafin dokar, irin gidajen cikin birni. Sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon karɓe wuri don amfanin jama'a a biya diyya. Babu sharaɗin da za ka rubuta ya hana a faɗaɗa titi ta kan shagunanka.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafarka a matsayinka na Musulmi. Idan a wasiyya ka rubuta "kada a sayar", ka rubuta umarni ne a kan dukiyar da ba taka ba. Da numfashi ya yanke, bayan likkafani da bashi da wasiyya, abin da ya rage ya zama na magada nan take, kowa da rabon da Allah ya yanka masa. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran sun yarda. Saboda haka ko ƙaramar 'yarka ce ta je gaban alƙali ta ce a fitar mata da haƙƙinta, zai saurare ta, kuma in gidan ba ya rabuwa ba tare da ɓarna ba, a mazhabar Malikiyya ana tilasta sayarwa a raba kuɗin. Takardarka za ta zama nasiha, wadda ya kamata 'ya'yan kirki su girmama, amma ba hukunci ba. Za ka iya jin wani lauya ya kawo maka shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, inda Kotun Ƙoli ta bar wasiyyar wani Musulmi ta tsallake rabon Shari'a saboda an yi ta a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila. Wasu jihohi irin su Kwara sun toshe wannan hanyar a dokokinsu. Ko da a buɗe take, ba na jin ita ce hanyar da kake so ka tarar a gabanka.

Kyauta a lokacin rai ma ba ta ɗaukar wannan sharaɗin. Imamu Malik bai yarda a ba mutum kyauta a ce kada ya sayar kada ya kyautar ba, sai in yaro ne ko wanda ba ya iya riƙon dukiya, shi ma zuwa lokacin da zai shiryu. Ka ga a nan malamanmu da alƙalan Ingila sun haɗu, kowa ta hanyarsa.

Saura wakafi, wanda littattafanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi. Asalinsa gonar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibara, aka umarce shi ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ya shar'anta ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Wakafi a kan 'ya'ya da zuriya ya halatta. Alƙalan Ingila sun taɓa rushe irinsa a Indiya a 1894 saboda suna kallonsa da idon ƙa'idarsu ta hana dawwama, har sai da aka yi doka ta musamman a 1913 ta dawo da shi. Mu a nan sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci wakafi da sunansa cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kai. To ƙofar a buɗe take, ga kuma nauyin da na ce tana da shi.

Wakafi ba ya tabbata da rubutu da shaidu kawai. Sai an karɓe shi daga hannunka tun kana da rai, da lafiya, kuma bashi bai cinye dukiyarka ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda na tabbata ka karanta a zaure, ta faɗi maganar ƙarara: wanda ya yi hubusin gida ga ƙananan 'ya'yansa, ya sa haya a ciki dominsu, kada ya zauna, in kuwa bai bar zama a ciki ba har ya mutu, hubusin ya ɓaci. In ka fita ka dawo kafin shekara ta zagayo, nan ma ya ɓaci. In ka jira sai ciwon ajali ya kwantar da kai, wakafin ya koma hukuncin wasiyya. Na taɓa zama da wasu magada da suka zo da takarda a cikin leda, an naɗe ta da kyau, rubutun ajami ne da sa hannun liman da mai unguwa, mahaifinsu ya yi hubusin gidansa shekaru kafin ya rasu. Tambaya ɗaya na yi musu: a ina ya rasu? Suka ce a turakarsa, cikin gidan. Babbar 'yar ta yi shiru, ta mayar da takardar cikin ledar. Ta gane kafin in ƙarasa.

Alhaji, ka tambayi kanka ko za ka iya kwashe kayanka daga gidan da aka haife ka, ka miƙa makulli ga wani. In amsar a'a ce, to wakafin wannan gidan ba naka ba ne a yanzu. Shagunan kuwa lamarinsu mai sauƙi ne, domin karɓarsu ba ta wuce a naɗa mai kula, 'yan haya su koma biyansa, kai kuma ka cire hannunka daga kuɗin da gaske.

Sai maganar adalci, wadda ita ce ta fi damuna. Abin da ka mayar wakafi ya fita daga gado. In ka ce na 'ya'ya ne da zuriya, matanka biyu sun rasa tumuninsu a cikinsa, sai in ka sa su da sunansu. In ka ce na maza ne don kada gida ya koma hannun surukai, ka sani Shaihu Halil, mai littafin Muhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa wakafin maza ban da mata cikin ɓatattu. Wasu malaman baya sun sassauta zuwa karhanci, amma ni ba zan rubuta wa kowa irin wannan takardar ba. Na ga yadda take raba 'yan uba har jikoki su daina gaisawa.

Ko an yi komai daidai, ka dubi abin da shekaru ke yi wa gidan da ba shi da mai shi. 'Ya'ya tara yau, jikoki wataƙila hamsin, bayan su sai lissafi ya gagara. Ka san irin gidajen da nake nufi, akwai su a kowace tsohuwar unguwa: indararo ya karye ba mai gyarawa, ruwan damina ya ci katanga, azara ta fara leƙowa daga soro, kowa na cewa ba shi kaɗai ba ne. Asalin hukuncin Malikiyya kuma shi ne ba a sayar da gidan hubusi ko ya zama kango, sai don faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta. Irin wannan lalacewar, haɗe da cin amanar masu kula da kuma siyasar rabon ƙasa, ita ta sa Masar a 1946 ta taƙaita wakafin iyali ga zuriya biyu ko shekara 60, sannan ta soke shi a 1952. Siriya ta riga ta a 1949, Tunisiya ta biyo a 1957.

Abin da na fi so a mazhabarmu shi ne ta bar wa mai wakafi sarari, mutane ne ba sa amfani da shi. Dawwama ba sharaɗi ba ce a wajen Malikiyya. Kana iya yin hubusin shagunan na shekara ashirin, ko zuwa rasuwar matanka, ko har autanka ya kammala karatu, daga nan su koma mallaka a raba bisa gado. Kana iya shar'anta cewa wanda buƙata ta kama cikin masu cin moriya a sayar, kuma Halil ya ambaci wannan cikin sharuɗɗan da ake bi. Kana iya ba mai kula izinin musanya ginin da wani in unguwar ta mutu ko gwamnati ta biya diyya. Gyara kuwa shi ake fara cirewa daga kuɗin haya kafin kowa ya karɓi sisi, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: barin ƙofar sayarwa a inda lalura ta kama shi ke hana dukiyar ruɓewa.

Da ni ne kai, shagunan zan yi wa wakafi mai wa'adi, da sunan matan biyu da duk 'ya'yan, maza da mata, a naɗa masu kula biyu, ɗaya daga kowane ɗaki, a rubuta yadda za a sauke wanda ya ci amana da yadda za a naɗa magajinsa, a buɗe asusun banki na daban. Malamin da ya san babin hubusi ya duba lafazin, lauya ya bi sahalewar gwamna da rajista a ma'aikatar ƙasa, sannan a sanar da Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha don a samu shaida a wajen iyali.

Gidan zama kuwa zan bar shi gado, in dogara da kariyar da Shari'a ta riga ta tanada. Akwai shuf'a: muddin ba a raba gidan ba, duk wanda ya sayar da rabonsa ga bare, abokan tarayyarsa na da ikon karɓe rabon a kan kuɗin da aka saya, ko mai sayen ya so ko ya ƙi. Amma haƙƙin yana faɗuwa in mutum yana gari, ya sani, ya yi shiru har kimanin shekara, kuma ba ya amfanar wanda ba shi da kuɗi a hannu. Shi ya sa zan ware wani kaso na hayar shagunan a riƙa tarawa musamman don sayen rabon duk wanda ya matsu. In kuma cikin 'ya'yan akwai wanda ka san kuɗi ba ya kwana a hannunsa, maganinsa alƙali ya sa masa waliyyi a kan rabonsa shi kaɗai, kamar yadda aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta nuna, ba a ɗaure mutum takwas saboda mutum ɗaya ba.

Kafin a kira lauya ko malam, ka tara su taran da iyayensu mata a zauren nan, ka tambayi kowa a gaban kowa: wa ke son zama a gidan, wa ya fi son kuɗi? Za ka iya tarar da biyu ko uku ne ke da niyyar zama. Waɗannan tun yanzu su fara shirin sayen rabon sauran, a yi ƙiyasin kuɗin, a rubuta yadda za a riƙa biya kashi-kashi. Ka zo da takardun gidan da na benen ranar da za ka ga lauya, har da rasit ɗin harajin ƙasa, domin in akwai bashin gwamnati a kan benen sai an biya kafin a ba da sahalewa.